TARIHIN KARATUN JINYA DA BASHINSA A ƘASARMU

GABATARWA

 A cikin wannan littafi na tunawa an ba da tarihin ginin majami'a, da na pastoci da dattawan da suka yi hidima, da na Zumuntar Mata da ƙungiyar mawaƙa. Akwai kuma wani sashe na tarihi wanda ya taɓa kusan kowane gida a cikinmu, shi ne tarihin ma'aikatan jinya, da yadda aka riƙa biyan kuɗin karatunsu tun daga farko har zuwa yau.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan zance a ranar murna shi ne, 'ya'yanmu da yawa suna marmarin aikin nas da na ungozoma, iyaye kuma suna sayar da hatsi da dabbobi, wasu har da gona, domin su kai su makaranta. Yaro ya gama karatu, takardar shaida tana hannunsa, bashi kuwa yana wuyansa ko wuyan ubansa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma bashin karatun jinya yana da nasa tarihi, in kuwa mun san shi za mu fi iya ba 'ya'yanmu shawara.

KAFIN A SAMI MAKARANTA

A wurare da yawa na Arewa, mutane sun san ɗakin shan magani kafin su san majami'a. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS likita ne, ya shigo ƙasar Hausa a shekara ta 1900, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa inda aka yi asibiti. Dokta Andrew Stirrett na SIM, wanda mutane suka sa wa suna Bature Mai Magani, ya iso a 1902, ya kuma rasu a Jos a 1948. Mishan ɗin SUM ta fara a Wase a 1904, a 1922 kuma Dokta Percy Barnden ya kafa asibitin Vom. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka fara aiki a Garkida, ba a daɗe ba aka yi asibiti a can, a 1929 kuma aka buɗe wurin jinyar kutare.

A ƙarshen shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka da sarakuna suka yarda mishan su riƙe wuraren jinyar kuturta a Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya ta Kano, da Molai kusa da Maiduguri. A ƙasar Nijar kuma SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950.

Likita ɗaya da sista ɗaya ko biyu ba za su iya duba ɗaruruwan majinyata ba. Saboda haka suka riƙa ɗaukar samari waɗanda suka iya karatu da rubutu, suna koya musu wanke gyambo, da ɗaurin bandeji, da yin allura, da auna magani. Wasu daga cikinsu tsofaffin majinyata ne da suka warke suka zauna suna taimakon 'yan'uwansu. Waɗannan su ne iyayenmu suka sani da sunan malamin asibiti ko dispensa. Yawancinsu maza ne, gama karatun 'yan mata ya makara a Arewa. Ba a karɓi ko anini a hannunsu ba, ba a kuma ba su takardar shaidar gwamnati ba. Kuɗin makarantarsu shi ne aikin hannunsu, daga asuba har dare.

MAKARANTUN JINYA DA ALKAWARIN AIKI

Tsarin da aka bi bayan haka daga Ingila ya zo. A shekara ta 1860 Florence Nightingale ta buɗe makarantar jinya a asibitin St. Thomas a Landan. Ɗalibai suna zaune a asibiti, ana ba su abinci da wurin kwana da tufafin aiki da ɗan kuɗin kashewa, su kuma suna aiki a ɗakunan majinyata suna koyo. In sun gama, sai su yi wasu shekaru suna aiki inda aka tura su. A wannan makaranta ce Kofoworola Pratt ta yi karatu, wadda a shekarun 1960 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci aikin jinya na Tarayyar Nijeriya.

A nan gida, an yi dokar ungozoma a 1930, aka kuma kafa Majalisar Jinya ta Nijeriya a 1947 domin ta tsara karatu da jarrabawa da rajista. Daga nan ya zama dole asibitocin mishan su mai da koyarwarsu makaranta sosai, da azuzuwa da malamai da jarrabawar da hukuma ta yarda da ita. Vom da Wusasa suka shiga horar da ma'aikatan jinya. A Egbe, wadda a lokacin tana cikin Jihar Arewa, SIM ta buɗe asibiti a 1952 da makarantar jinya a 1955. Ikkilisiyar Katolika ta yi nata a Kakuri ta Kaduna da sauran wurare. A Jos aka buɗe asibitin Jan Kwano a 1959, wanda yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Makarantu irin su Gindiri da Waka da Kwoi suka riƙa fitar da yara maza da mata waɗanda suka shiga wannan aiki.

To, wa ya biya? Kuɗin ya fito ne daga wurare uku: baikon masu bi na ƙasashen waje, da ɗan abin da majinyata ke biya, da gudummawar gwamnati ga asibitocin da ta amince da su. Uban ɗalibi ba ya biyan wani abu mai yawa. Amma akwai sharaɗi, wanda aka horar zai yi wa asibitin aiki na wasu shekaru kafin ya tafi wani wuri. Wannan ma bashi ne, sai dai da shekarun aiki ake biyansa, kuma mai binsa da mai cinsa suna ganin juna kowace safiya.

Kada mu ɗauka cewa komai na wancan zamani zuma ne. Albashin mishan bai kai na gwamnati ba. Ɗalibai sun ɗauki nauyin aikin dare da na wanki wanda ya kamata a ce ma'aikata ne ke yi. Dokokin ɗakin kwana masu tsanani ne, a wurare da yawa kuma yarinyar da ta yi aure ko ta sami ciki a tsakiyar karatu, karatunta ya ƙare ke nan. Duk da haka ɗan manomi wanda ubansa bai taɓa riƙe fam biyar a hannu ba ya iya zama nas mai rajista, ƙauyensu kuma ya sami mai duba shi.

Ya kamata kuma mu tuna cewa wasu sun biya da abin da ya fi shekaru. A watan Janairu 1969 wata nas ta asibitin mishan na Lassa, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba. Aka kawo ta Jos, ta rasu. Nas Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu, ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, ta kashe mutane da dama, har da Dokta Jeanette Troup. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa. Duk wanda ke lissafin abin da nas ta ci na jama'a, sai ya lissafa abin da jama'a suka ci nata.

ZAMANIN GWAMNATI

Lokacin da aka kafa wannan ikkilisiya, a tsakiyar shekarun 1970, ƙasa tana cikin yalwar kuɗin man fetur. An fara kashe naira a 1973, a shekarar kuma aka kafa hidimar ƙasa ta matasa. A 1973 ɗin ne asibitocin ikkilisiyoyi suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar CHAN. Ƙarin albashi na Udoji wanda ya biyo baya ya ɗaga albashin ma'aikatan gwamnati ƙwarai, asibitocin mishan kuwa suka kasa bin sahu, ma'aikatansu da yawa suka koma gwamnati. A cikin waɗannan shekaru gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama. Daga baya an mayar da wasu asibitocin ga ikkilisiyoyi, amma makarantar jinya ta Vom, alal misali, tana hannun gwamnatin Jihar Filato.

Ga ɗalibi, wannan zamani ne na sauƙi. Wanda ya shiga makarantar jinya ta gwamnati yana samun abinci da wurin kwana da alawus na wata, in ya gama kuma aiki yana jiransa. Sharaɗin yin aiki na wasu shekaru yana nan, sai dai yanzu jiha ce mai bin bashin. Iyayenmu mata da yawa da ke zaune a cikin wannan taro, waɗanda suka yi ritaya suna manyan sistoci, ta wannan ƙofa suka shiga. A 1965 Jami'ar Ibadan ta riga ta fara ba da digiri a fannin jinya, a 1979 kuma aka haɗa hukumar jinya da ta ungozoma suka zama majalisa ɗaya, wadda har yau ita ce ke ba da lasisi.

LOKACIN DA KAYA YA KOMA KAN IYAYE

Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki wanda kowa ya sani da sunan SAP. Kafin lokacin, naira ɗaya tana kusan daidai da dala ɗaya. Zuwa 1993 dala ɗaya ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Littattafai da magunguna da kayan aikin asibiti daga waje ake sayo yawancinsu, saboda haka tsadarsu ta bi dala.

Sannu a hankali ciyarwa kyauta ta tsaya, alawus ya ragu ko ya ɓace a wurare da yawa, ɗaukar aiki kai tsaye kuma ya zama sai a wasu jihohi. A ɗaya gefen, Turawan mishan sun riga sun miƙa aiki ga 'yan ƙasa, kuɗin da ke zuwa daga waje ya ragu. Makarantun jinya na ikkilisiya suka zama ba su da abin biyan malamai sai kuɗin da ɗalibai suka kawo. Haka nauyin da mishan ta ɗauka, gwamnati ta karɓa, ya sauko kan uba da uwa.

Karatun kansa kuma ya ƙara tsawo. Jinya ta asali shekara 3 ce. Wadda take so ta ƙara ungozoma za ta ƙara wata 18. Digirin jami'a shekara 5 ne, sa'an nan shekara guda ta koyon aiki. A 'yan shekarun nan an mai da makarantu da yawa kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba, shekara 4. Bayan kuɗin makaranta akwai na ɗakin kwana, da yunifom, da kuɗin rajista da jarrabawar majalisa, da kuɗin mota zuwa asibitocin da ake tura ɗalibai. Ɗalibin jinya kuma ba shi da sararin yin wata sana'a a gefe, gama yana aikin dare da na ƙarshen mako.

Daga ina iyaye suke samun kuɗin? Daga adashi, da ƙungiyar ma'aikata ta ajiya da rance, da 'yan'uwa, da jinginar da gona, da sayar da amfanin gona tun yana ɗanye. Waɗanda suka rasa duk waɗannan sukan faɗa hannun masu ba da kuɗi da ruwa. A ce uba ya ranci naira 300,000 a kan ruwa kashi 10 cikin 100 kowane wata. Kuɗin ruwa kaɗai naira 30,000 ne a wata, wato naira 360,000 a shekara, uwar kuɗin kuwa tana nan ba a taɓa ta ba. Irin wannan bashi ya raba zumunci a gidaje da yawa.

RANCEN ƊALIBAI NA GWAMNATI

Rancen ɗalibai ba sabon abu ba ne a Nijeriya. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Da yawa daga cikin waɗanda suka karɓa ba su biya ba, hukumar kuma ba ta iya bin sawunsu ba, har asusun ya bushe. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilimi domin ya gaje ta, shi ma bai yi ƙarko ba. Waɗanda suka ƙi biya a wancan lokaci sun ɗauka kuɗin gwamnati suka ci, alhali kuwa rabon ƙannensu ne, gama shekaru masu yawa suka wuce babu rancen da talaka zai nema.

Ran 12 ga Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar rancen ɗalibai. Sharuɗɗanta sun yi tsauri, sai an kawo masu tsaya wa ɗalibi, sai kuma abin da iyalinsa ke samu bai kai naira 500,000 a shekara ba. A watan Afrilu 2024 aka soke ta aka yi wata wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya fara karɓar takardun nema ta intanet. Bisa ga tsarin da aka fara da shi, rancen ba shi da ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, wanda ya nema kuma ana ba shi naira 20,000 a wata na abinci da sauran buƙatu. Ba a fara karɓar biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda bai sami aiki ba yana iya neman a ɗaga masa lokaci, wanda ya rasu kuma an yafe.

Wannan ya fi rancen mai ruwa nesa ba kusa ba. Amma akwai abu biyu da ya kamata iyaye su sani. Na ɗaya, an buɗe shi ne domin ɗaliban makarantun gwamnati, saboda haka ɗalibin makarantar jinya ta ikkilisiya ko ta 'yan kasuwa bai shiga ciki ba. Na biyu, rance ne, za a biya. A ce ɗaliba ta karɓi naira 20,000 har wata 50 a cikin shekarunta na jami'a, ya zama naira miliyan 1, ban da kuɗin makaranta. In albashinta naira 100,000 ne, za a cire 10,000 a wata, sai ta yi wata 100, wato shekara 8 da wata 4, kafin ta gama da wannan kashi kaɗai. A cikin shekarun nan ne kuma za ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta ɗauki karatun ƙannenta.

Akwai kuma wata hanya da aka gwada a Arewa wadda ta yi kama da ta dā. Daga 2012 wani shiri mai suna Women for Health, da taimakon gwamnatin Birtaniya, ya yi aiki a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara. Ƙauye ne ke zaɓar yarinya, a shirya ta domin shiga makarantar jinya ko ungozoma, da alkawarin za ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Abin da asibitocin mishan suka yi tun shekarun 1950 ke nan, aka sake gano amfaninsa.

ABIN DA YA FARU A INGILA DA AMURKA

Ƙasashen da suka kawo mana wannan aiki su ma sun sha irin wannan gwagwarmaya. A Ingila, ɗaliban jinya sun daɗe ba sa biyan kuɗin makaranta, gwamnati kuma tana ba su tallafi. A 2017 aka soke tallafin, aka ce su ci rance kamar sauran ɗalibai, kuɗin jami'a kuwa a lokacin fam 9,250 ne a shekara. Masu neman shiga suka ragu, musamman manya masu iyali. A 2020 gwamnati ta dawo da tallafin fam 5,000 a shekara wanda ba a biya, amma rancen kuɗin makaranta bai tashi ba.

A Amurka, bashin da gwamnatin tarayya ke bin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.6 a 2024, yana kan mutane fiye da miliyan 40, ma'aikatan jinya kuma suna cikinsu. Domin a jawo su zuwa wuraren da ake ƙarancin ma'aikata, aka yi shirin da ke biya wa nas kashi 60 cikin 100 na bashin karatunta in ta yi shekara 2 a irin wannan wuri, da ƙarin kashi 25 in ta ƙara shekara ta uku. Dokar 2007 kuma ta ce wanda ya yi aikin gwamnati ko na ƙungiyar taimako, ya yi biya sau 120, wato shekara 10, a yafe masa sauran. Ku lura, su ma sun dawo kan tsohuwar dabara, a biya bashin karatu da shekarun hidima.

BASHI DA TAFIYA ƘETARE

Ƙarancin ma'aikata a can ya zama ƙofa ga namu. Tun shekarun 1980 ma'aikatan lafiyarmu suka fara tafiya Saudiyya, daga baya Ingila da Amurka da Kanada. A watan Fabrairu 2024 magatakardan Majalisar Jinya da Ungozoma ya faɗa cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar a cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A 2023 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya.

Ba daidai ba ne mu zagi waɗanda suka tafi. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a 2024 naira 70,000 ne, mai bin bashi kuma ba ya jira. Da yawa daga cikinsu su ne ke riƙe da gidajensu a yau. Sai dai tafiyar ma da bashi ake yin ta. Akwai kuɗin jarrabawar Turanci, da ta hukumar jinya ta can, da biza, da jirgi. Wasu dillalai da masu ɗaukar aiki sukan biya waɗannan, su rubuta a yarjejeniya cewa wanda ya bar aikin kafin wa'adi zai mayar da dubban fam. Yarinya ta fita daga wani bashi ta shiga wanda ya fi shi, a ƙasar da ba ta da kowa. A gida kuma asibitin ƙauye ya zama ba nas, mace mai naƙuda ta yi tafiyar sa'o'i a kan babur.

KAMMALAWA

Mun ga cewa ba a taɓa horar da nas kyauta ba. Kullum akwai mai biya: masu baiko na nesa, ko gwamnati, ko iyaye, ko ita kanta da albashinta na gaba. Abin da ya sāke shi ne, a dā jama'a ne suka ɗauki kayan tare, yanzu kuwa an bar wa gida ɗaya.

Sunan wannan biki ma yana da alaka da zancen. Littafin Firistoci sura 25 ya tsara cewa a shekara ta hamsin gonar da talauci ya sa aka sayar ta koma ga mai ita, wanda ya sayar da kansa bauta kuma a sake shi. A 2 Sarakuna sura 4 mun karanta labarin gwauruwar wani almajirin annabawa, wadda mai bin bashi ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu. Taimakon da ta samu ya ratsa ta tulunan da maƙwabta suka ara mata, aka kuma umarce ta ta biya bashin tukuna, sa'an nan ta ci sauran. Bisa ga wannan, ga shawarwari ga ikkilisiya.

Na farko, kafin a biya ko kwabo, a tabbata Majalisar Jinya da Ungozoma ta amince da makarantar. Majalisar tana fitar da sunayen makarantun da ta yarda da su. Wanda ya yi karatu a wadda ba ta ciki ba zai rubuta jarrabawar majalisa ba, ba zai sami lasisi ba, bashi kuwa yana nan.

Na biyu, iyaye su zauna da yaro su lissafa kuɗin dukan shekaru, har da jarrabawa da yunifom, tun kafin ya shiga. Wanda ya sami gurbi a makarantar gwamnati ya nemi rancen da ba ruwa da tallafin jiharsa. A guji mai ba da kuɗi da ruwa na wata-wata, a kuma guji jinginar da gonar gado.

Na uku, kada wani ɗanmu ya sa hannu a yarjejeniyar aiki, a gida ko a waje, sai wanda ya san doka ya karanta masa ita. Muna da lauyoyi da tsofaffin sistoci a cikinmu, a tambaye su.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata dattawa da Zumuntar Mata da ma'aikatan lafiyarmu na gida da na ƙetare su duba yiwuwar kafa asusun karatun jinya domin tunawa da wannan jubili. A ba da rance ba ruwa, a rubuce, da shaidu, a karanta lissafinsa a gaban taro kowace shekara. Wanda ya yarda ya yi aiki a asibitin ƙauye na wasu shekaru, a yafe masa wani kashi.

Na biyar, wanda ya ci bashi ya biya, ko na gwamnati ne ko na ikkilisiya. Alkawari kaya ne. Abin da ya kashe asusun 1972 zai iya kashe kowane asusu, wanda zai sha wahalar kuwa yaro ne da ke aji ɗaya a firamare yau. Haka kuma asibitoci da ɗakunan shan magani na ikkilisiya su biya ma'aikatansu a kan kari, gama ba ya yiwuwa mu ce wa nas ta biya bashinta alhali muna riƙe da albashinta.

A madadin ikkilisiya ina miƙa godiya ga dukan ma'aikatan jinya da ungozoma da malaman asibiti na cikinmu, waɗanda ke raye da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da yawa daga cikin masu karanta wannan littafi a hannunku aka haife su. Ubangiji ya sāka muku, ya ba masu bashi hanyar biya, ya kuma ba ikkilisiya hikima ta riƙe 'ya'yanta a shekaru hamsin masu zuwa. Amin.